Gargaɗi ga 'Yan'uwa Kan Giya da Tsiya a Hartum da Umdurman: Waƙa da Sharhinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin bayi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ihwani, wannan 'yar waƙa ce mai baiti 17 da na tsara, na kuma bi ta da sharhi gwargwadon abin da Allah Ya sanar da ni. Mahaifina ya bar ƙasar Katsina da ƙafa da niyyar aikin Hajji, ya tsaya tsinkar auduga a Jazira don ya tara guzuri, ya je ya sauke farali, da ya komo sai zama ya kama shi a Hartum. A nan aka haife ni, a unguwar Ishash Fallata, a nan na yi karatu, a nan na karɓi wuridi. Abin da zan faɗa idona ya gani, wani ma hannuna ne ya aikata. Ina roƙon wanda ya karanta ya nema mini gafara.

FASALI NA FARKO

1. Da sunan Ilahi na buɗe batu,
Gwani wanda Shi Ya yi duk duniya.

2. Salati ga Manzo, Imamin Rusul,
Da Alai, Sahabbai, mazan gaskiya.

3. Ku taru ku ji ni, mutanen gari,
Batuna a yau kan giya da tsiya.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, na gama giya da tsiya a baiti guda ne domin haka na same su a gari, kamar ɗan Juma da ɗan Jummai. Tsiya ta kan kai mutum gidan giya, giya kuma ta mayar da shi ga tsiyar da ta fi ta farko. Wanda ya yi wa'azi kan ɗaya ya kau da kai daga ɗaya, ya yi kamar mai kashe wutar ɗaki ya bar ta rumbu tana ci.

FASALI NA BIYU

4. Fari ne ya koro waɗansu gabas,
Waɗansu ko yaƙi ya sa tafiya.

5. Manomi na jiya da rumbun dawa,
A yau ba shi ko da ruwan rijiya.

6. Da kwali, buhu suka ɗinka gida,
A bayan gari, kan fako da ƙaya.

Sharhi: Hartum tana inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka gamu, wurin da a ke kira Mugran, Umdurman kuwa tana tsallaken ruwa ta yamma. Mu Hausawa baƙi ne a can tun da daɗewa. Waɗansu hanyar Makka ta kawo su. Waɗansu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Waɗansu aikin auduga ya riƙe su bayan an buɗe gonakin Jazira a 1925. Saboda haka mun san ɗacin baƙunci, bai kamata mu manta da shi ba.

Waɗanda na ke nufi a baitocin nan kuwa 'yan ƙasa ne, masu asali da gonaki da garke. A farin 1984 da 1985 mutanen Kurdufan da Darfur suka sauko yamma da Umdurman, a Muwailih da Abu Zaid, bayan dabbobinsu sun ƙare. Yaƙin Kudu, wanda ya sake tashi a 1983 bai kwanta ba sai 2005, ya koro Dinka da Nuwer da Shuluk, ya koro mutanen duwatsun Nuba. A 2003 wutar Darfur ta ƙaro waɗansu. An ƙiyasta cewa a farkon shekarun 2000 'yan gudun hijira a kewayen babban birnin sun kusa miliyan 2.

Da farko sun raɓa a kangaye da gefen unguwanni. Ambaliyar watan Agusta ta 1988 ta share bukkokinsu da yawa. A farkon shekarun 1990 aka shiga rusa matsugunansu ana kwasarsu zuwa sansani huɗu: Mayo, wanda a ke ce wa Mandela, da Jabal Auliya, da Wad al-Bashir, da Darus Salam na Umdurman. Wannan na ƙarshe mazaunansa suka raɗa masa suna Jabarona, wato “an tilasta mana”. Mu ma a waɗannan shekaru aka tashe mu daga Ishash aka kai mu Ingaz, kudu da gari, muka zama maƙwabtan Mayo.

To, dubi halin magidanci a irin wannan wuri. Jiya yana da rumbu, yau ruwan sha ma sai ya saya a wurin mai jaki. Saninsa na noma ne da kiwo, birni kuwa ba ya tambayar wannan. Ya kan fita da asuba ya tsaya inda a ke ɗaukar lebura, ran da aka dace ya samu, ran da ba a dace ba ya komo hannu rabbana. Da yawan gidajen ma babu namijin, yaƙi ya ci shi ko ya riƙe shi. Mace ce da 'ya'ya biyar ko shida, ba jari, ba takarda, Larabcin ma bai zauna a bakinta ba.

FASALI NA UKU

7. Marisa a ƙauye ta ranar huɗa,
A birni ta zam mai kashe lafiya.

8. Haram ce giya, ba ni shakkar haka,
Ta kan ƙone hanta, ta kori kunya.

9. Mashayi ya sha don ya mance dare,
Da safe ya tashi da bashin jiya.

Sharhi: Marisa ita ce burkutun Sudan, da dawa a ke yin ta. A ƙauyukan Nuba da na Kudu a kan dafa ta ne domin nafir, wato gayya, mai gona ya tara jama'a su yi masa aiki ya shayar da su. Tana da kauri, su kan lissafa ta cikin abinci, kuma a gaban dattawa a ke shan ta, a lokacin da aka sani. Ban faɗi wannan don in wanke ta ba. Duk abin da mai yawansa ya ke sa maye, to, kaɗan ɗinsa ma haramun ne ga Musulmi, a ƙauye ya ke ko a birni. Na faɗa ne don ka ga yadda birni ya sāke ta.

A birni babu gona balle gayya. Abin da matar nan ta iya tun tana budurwa shi ya zama hajarta. Kuma masu saye sun fi son aragi, wanda a ke tsima dabino a dafa shi a tace tururinsa ya fito fari kamar ruwa, irin ogogoro. Ya fi ƙarfi, ba ya lalacewa da wuri, ya fi sauƙin ɓoyewa a jarka. Gidan da a ke sha su kan ce masa indaya. A nan leburan da ya wuni ɗaukar bulo ya ke ajiye rabin ladansa. Ba dattijon da zai ce masa ya isa. Na san waɗansu daga cikin namu, 'ya'yan mahajjata, masu turin baro a Suk Libiya, da suka ƙare a haka, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, aka sallace su ba su kai shekara arba'in ba.

Allah Ya yi magana kan giya a Suratul Baƙara, aya ta 219, da Suratun Nisa'i, aya ta 43, sannan Ya yanke hukunci a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91. A can Ya nuna mana cewa da ita Shaiɗan ya ke haddasa gaba tsakanin mutane, ya hana su ambaton Allah da salla. Mu da mu ke taƙama da zikiri, mu ya fi kamata wannan ya dama. Kuma hadisi ya zo da la'anta kan mutum goma a sha'aninta, har da mai matsa ta da mai ɗaukarta da mai cin kuɗinta da mai sayenta. Riƙe wannan na ƙarshe, za mu komo kansa.

FASALI NA HUƊU

10. Hukuma ta zubda kwalabe Nilu,
Ta bar yunwa zaune cikin zuriya.

11. Bulala ta sauka ga mai dafuwa,
Masayin ya tsere yana dariya.

Sharhi: A watan Satumba na 1983 Shugaba Ja'afar Numairi ya ƙaddamar da dokokin da ya kira na shari'a, aka rufe mashaya, aka zubar da kwalabe a cikin Nilu a gaban jama'a. Mun yi kabbara a ranar. Amma da kwalba ta ɓace daga kanti sai kasuwar ta koma bayan gari, ta faɗa hannun matan da ba su da wata hanya. Dokar laifuka ta 1991 ta sa bulala 40 ga Musulmin da ya sha a sashe na 78, sashe na 79 kuma ya tanadi hukunci ga mai ajiyewa da mai sayarwa. A 1996 aka ƙara da dokar tsarin jama'a ta Jihar Hartum. Samamen da aka riƙa kaiwa unguwannin nan sunansa kasha. A lokacin a kan fasa tukwane, a kwashe mata, a yanke musu hukunci nan take: bulala, da tara, wadda ba ta iya biya ba ta zauna. Shekaru da yawa mafi yawan mazauna kurkukun mata na Umdurman masu dafa giya ne daga Kudu da duwatsun Nuba, waɗansu da goyo a baya. Wadda ta ci bashi ta biya tara kuwa, da me za ta biya bashin? Sai ta sake ɗora tukunya.

Masu saye fa? Da yawansu 'yan gari ne masu salla, su kan zo bayan isha'i cikin mota, a miƙo musu jarka ta taga. Da wuya ka ga irinsu a gaban alƙali. Alhali la'antar da ta hau mai sayarwa ita ta hau mai saye.

Yanzu gwada wannan da abin da ya faru a Madina. Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, yana shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha, abin shansu kuwa na dabino ne, sai mai shela ya sanar cewa an haramta. Da hannunsu suka zubar, har ta gudana a lungunan gari. Me ya sa? Uwar Muminai A'isha ta bayyana cewa abin da ya fara sauka zancen Aljanna ne da wuta, sai da zukata suka kafu sannan hukunce-hukunce suka zo, da an fara da hani da mutane sun ƙi. Kuma kafin hanin an riga an ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, baƙo ya sami masauki da abin yi. A Madina an shirya zuciya da ciki, sai masu giya suka zubar da kayansu. A Hartum an fara da zubarwa.

A watan Nuwamba na 2019 aka soke dokar tsarin jama'a, a watan Yuli na 2020 kuma aka gyara doka aka sassauta hukuncin giya ga wanda ba Musulmi ba. Tsananin bai kashe aragi ba, sassaucin ma bai cika tukunyar tuwo ba.

FASALI NA BIYAR

12. Da carbi a hannu na kai ta gaba,
Ban ce, me ta samu ta bai wa ɗiya?

13. Ta dawo ta iske babban ɗanta
Ya bi yaran titi, ya bar tarbiya.

Sharhi: Waɗannan baitoci biyu su suka sa na yi waƙar duka. Wajen 1997 ina limancin wata 'yar zawiya, a bayanmu kuwa akwai wata mace Banubiya, Kirista, yaƙi ya ci mijinta, tana da 'ya'ya huɗu. Tana dafa aragi. In muna wazifa da magariba warin ya kan shigo mana, wani lokaci mashayi ya faɗi a bakin ƙofa. Na yi wa'azi sau uku da ƙarfin murya don ta ji ta katanga. Ban taɓa yi mata sallama ba. Daga ƙarshe na je na kai ƙara. Aka zo da dare aka tafi da ita, aka ci ta tarar da ba ta da ita, ta yi wata uku a tsare. Na kwana ina ganin na kawar da munkari.

Cikin watannin nan ƙananan suka rarrabu a gidajen dangi. Babban, ɗan shekara 12, ya shiga gari neman abin da za su ci, ya haɗu da yaran titi da a ke kira shammasa, wato 'ya'yan rana, masu shaƙar silisyon, abin da mu ke ce wa sholisho. Bai komo ba.

Na je gaida muƙaddamin da ya ba ni wuridi, na ba shi labari ina jiran ya sa mini albarka. Ya yi shiru, can ya ce, “Ɗana, kafin ka kai ta, sau nawa ka aika mata da tuwo?” Na ce, “Shehi, ai ba Musulma ba ce.” Ya ce, “A wane littafi ka karanta cewa haƙƙin maƙwabci ya tsaya kan Musulmi? Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Ma'aiki wasiyya da maƙwabci ba, ka ji an ce ban da wane?” Sannan ya tuna mini ƙissar da ke cikin Muwaɗɗa, ta bayin Haɗibu da suka saci taguwa suka yanka. Da Sayyidina Umaru ya gane ubangidansu yana barinsu da yunwa, sai ya janye haddi daga kansu, ya ci shi tarar ninkin kuɗin taguwar. Ya ce, “Je ka duba, a ƙissar nan wane ne kai.”

Da ta fito na tattara ƙarfin hali na je ƙofarta. Ta dube ni ta ce, “Faki,” haka su ke kiran malami, “ka san warin tukunyata, amma ba ka san sunan ɗana ko ɗaya ba.” Ban sami amsa ba. Mun bi Suk Arabi da tashoshin mota da bakin ruwa muna cigiyar yaron fiye da shekara, ba mu gan shi ba.

Kada wani ya ce na halatta sana'arta. Ban halatta ba, kuma hana munkari wajibi ne. Amma malamai sun sa masa sharaɗi, kada hanin ya haifi ɓarnar da ta fi wadda a ke hanawa, kuma a fara da mafi sauƙi. Ni na fara da mafi tsanani, domin shi ne bai ci mini ko sisi ba.

FASALI NA SHIDA

14. Da gatari Manzo ya kori bara,
Ku ba mace jari da kyan zuciya.

15. Tuwo, sannan wa'azi, ku gane batun,
Ku ɗora tukunya cikin zawiya.

16. Mashayi naku ne, ku bar la'ana,
Ku kama shi hannu, ku nuna hanya.

Sharhi: Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mutumin Ansaru ya zo roƙo, Ma'aiki, Sallallahu alaihi wa sallam, ya sa ya kawo shimfiɗarsa da ƙoƙonsa, ya sayar da su dirhami 2. Ya ce ya sayi abinci da ɗaya, ya sayi gatari da ɗaya, ya sa masa ƙota da hannunsa mai albarka, ya aike shi saran itace. Bayan kwana 15 ya komo da dirhami 10. Wannan shi ne asalinmu a wannan babi.

Matan zawiyarmu suka yi karo-karo suka saya wa maƙwabciyata murhun gawayi da buta da kofuna da 'yan kujeru, ta zauna sayar da shayi a tasha. Ribar ba ta kai ta aragi ba, kuma masu shayi ma kasha ba ta ƙyale su ba a lokacin, sau ɗaya an kwashe mata kaya muka sake tarawa. Amma har muka rabu ban sake jin warin nan ba. Irin wannan aiki ne wata 'yar duwatsun Nuba, Awadiya Mahmud Koko, ta tsaya a kai tun 1990, ta haɗa mata masu shayi da abinci cikin ƙungiyar gama kai, har aka ba ta lambar yabo a Amurka a 2016.

Zancen tukunya kuwa gādo ne na mutanen ɗariƙa. Masidin Shehu Ubaidu wad Badar na Umm Dubban, gabas da Hartum, da abu biyu aka san shi, wutar karatun allo da ciyar da baƙo. Da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023, kasuwanni suka mutu, samarin unguwanni suka kafa tukwanen taro a Umdurman da Bahri da Hartum, suka kira su takaya, sunan ɗakin ciyarwa na zawiyoyi. Ba a tambayar mai riƙe da kwano ƙabilarsa ko addininsa. A wannan yaƙi ni ma na bar gidana da buhu guda a ka. 'Yan gari da suka daɗe suna yi wa mutanen Jabarona kallon banza suka wayi gari su ne 'yan gudun hijira a garuruwan wasu. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Game da mashayi, Buhari ya kawo labarin wani sahabi da aka sha kawowa kan giya ana yi masa haddi. Wata rana wani ya la'ance shi, sai Ma'aiki ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Saboda haka in ɗanku ya faɗa, kada ku kore shi daga sahu. Ku zaunar da shi, ku raba shi da abokan sha, ku nema masa aiki. Wanda ya daɗe yana sha har jikinsa na rawa in bai samu ba, ku kai shi asibiti, domin yankewa farat ɗaya ta kan jawo farfaɗiya, har ta kai ga kisa. Ku haɗa masa magani da zikiri.

Ya ku ihwani na Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, ban ba ku labarin Sudan don hira ba. Ku leƙa bayan garuruwanku. Akwai manoman Zamfara da na Barno da tashin hankali ya koro, suna kwana a kangaye. 'Ya'yansu ne gobe za su shiga hannun mai ƙwaya da mai sholisho. Kowace zawiya ta ƙirga gidaje 40 na kewayenta, ta san wadda mijinta ya mutu, ta san sunayen 'ya'yanta. A ware wani abu daga kuɗin Maulidi da na ziyara a mai da shi jari. Wanda ya ƙoshi ya kwana, maƙwabcinsa na juyi da yunwa yana sane, ya binciki imaninsa kafin ya binciki tukunyar wani.

RUFEWA

17. Tamat, na cika ta da ikon Gwani,
Ka yafe, Ka sa mu a kan shiriya.

Ya Allah Ka kashe wutar fitina a Sudan da ƙasar Hausa, Ka mai da kowane korarre gonarsa. Ka shiryi mashayanmu, Ka wadata matalautanmu da halal, Ka tausasa zukatan mawadatanmu da malamanmu. Yaron nan kuwa, in yana raye Ka tsare shi inda ya ke, in ya rigaye mu Kai ne Mafi sanin halinsa, kada Ka kama ni da haƙƙinsa ranar tsayuwa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, wanda ya gani ya gyara. Allah Ya yi daɗin tsira ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.